Adireshin Da Na Tura Mata

"Rufe kwamfutar nan in ina maka magana!"

Ban rufe ba. Yaya ta dire kwanon abincin Baba a kan tebur har cokali ya yi tsalle.

"Na baro gidana da 'ya'yana, na zo na tarar da kai kana tsattsagar allo kamar kaza a kan tsaba! Baban fa?"

"Na ba shi magani. Na juya shi. Barci yake."

"To me kake rubutawa kullum?"

"Ba komai."

"Ba komai! Kai tun kana goye amsarka ke nan. Saboda Nas ne, ko?"

Na yi shiru. Shirun nan shi ya cuce ni tun farko.

Nas ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba Baba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ta koya min yadda zan ɗaga shi ban ji masa ciwo ba. Ita ke surutu, ni ina riƙe da robar ruwa. Ranar da aka mayar da ita aiki wani gari mai nisa, ta tsaya bakin ƙofa rataye da jakarta.

"Malam Shiru," haka take kirana, "ban ce ka bar Baba ka biyo ni ba. Kalma ɗaya nake so. In jira ka, ko in kama gabana?"

Bakina ya ƙi buɗuwa.

"In ba ka iya faɗa, ka rubuta. Amma kada ka daɗe... zuciya ba dutse ba ce."

Abin da ke raina ya fi ƙarfin 'yar wayata mai madannai. Maigidana na shagon kwafi ya bar min wata tsohuwar kwamfuta, sai na bi wani bidiyo na koyi haɗa shafin intanet na kaina. Ba wuya. Ka rubuta maganarka a fayil, ka zuba a folda, ka ba manhaja umarni, ita kuma ta ɗinke su su zama shafuka. Babu wurin sharhi, babu mai ƙirga baƙi. Farin fili da baƙin rubutu. Ya dace da ni.

Na sa hoton kujerar da take zama. A ƙasa na rubuta: Hasken raina, ki jira ni. Na kwafi adireshin da ke saman allo na tura mata.

Amsa ta zo: "Wasa kake da ni?"

Na zuba mata zuciyata, ta kira shi wasa. Ban amsa ba. Amma ban daina rubutu ba. Daga shago sai ɗaki, daga Baba sai allo.

"Ba ni adireshin in gani," in ji Yaya. "In ga abin da ya mayar da ƙanena kurma."

Na karanto mata, ta buga a wayarta. Ta yatsine fuska.

"Ba ya buɗewa."

"Datarki ce."

"Datata ƙalau take, malam. Duba!"

Na duba. Fili wayam. A kwamfutata kuwa ga shi nan, kujera da komai.

Na nemo bidiyon. Yana nan inda na tsayar da shi ranar da Baba ya zamo daga gado na ruga. Ban taɓa ƙarasa shi ba, na ga shafi ya fito na ɗauka an gama. Na danna. Mutumin ya ci gaba hankali kwance: wannan adireshin na gwaji ne, kwamfutarka kaɗai ke ganinsa, yanzu sai mu ɗora shi a intanet duniya ta gani...

Ashe duk tsawon watannin nan, ni da bangon ɗakina nake magana. Na faɗa wa Yaya wannan adireshin ne na tura wa Nas.

"Wato ita ba ta ga komai ba?" Muryar Yaya ta yi sanyi.

"Ko harafi."

"Wayyo, ɗan ƙanena..." Ta ja kujerar Nas ta zauna. "Yi abin da za ka yi. Ni zan ba Baba abinci."

Na buɗe wurin ajiya a intanet kamar yadda bidiyon ya nuna, na tura foldar gaba ɗaya, aka ba ni sabon adireshi. Yaya ta buga. Ya buɗe! Ta karanta rubutu na farko, ta karanta na biyu, ta goge ido da gefen mayafi.

"Kai! Duk wannan a cikinka yake? Ka bar baiwar Allah ta tafi, bakinka a kulle?"

Na tura wa Nas sabon adireshin. Na kira ta, karo na farko tun da ta tafi. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake. Aka ce a kashe take.

Shafin yana nan a buɗe, kowa a duniya zai iya shiga. Ni kuwa ba ni da hanyar sanin ko an shiga. Ni na zaɓe shi haka.

Baba ya motsa. Ya ƙura wa kujerar ido, ya ga ba Nas ba ce a kai. Da ƙyar harshensa ya juya.

"Yarinyar nan... mai sanyin hannu... yaushe za ta dawo?"