Jan Hancin Jatau

A kemis ya fara ganinta, ranar da ya shiga neman man da zai goge jan fuskarsa.

"Wannan man kwana biyar zai yi maka daɗi, sannan ya ƙone ka," ta ce, ta mayar da shi kan kantar magani. "Je ka ga likitan fata, Jatau."

Sunan ya bi shi, shi kuma ya bi ta.

Likita bai ɓoye masa komai ba. Ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ƙwaya kullum har wata uku, man shafawa safe da yamma, man kare rana, hula mai faɗi. Ban da yaji, ban da abin sha mai zafi. Makanike da ke wuni cikin rana, ina zai kai wannan doka?

Amma ba wannan ne ya karya shi ba. Ɗan wan babanta, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya kai magana gida: jan hanci irin wannan sai mashayi.

Saƙonta ya shigo: "Jatauna, Baba ya ce ba zai ba ɗan giya 'yarsa ba. Na kai masa takardar likita, ko buɗewa bai yi ba."

Ya rubuta: "Likitata, ki haƙura da ni. Fuskar nan ba za ta bar mu ba."

"Ka sha ƙwayarka dai," ta amsa.

Ya sha, ba don ya sa rai ba. Wata uku yana gyaran mota a ƙarƙashin rumfar buhu, yana cin abinci salam kamar mai jinya. Ƙurajen suka kwanta, jan ya ragu. Da kyar mahaifiyarta ta roƙa masa ganawa ɗaya da baban.

Tsohon ya ƙare masa kallo, ya tsiyaya shayi mai tururi wanda ya ji citta, ya miƙa masa da hannunsa.

Jatau ya dubi kofin. In ya ƙi, ya raina surukin da bai samu ba. In ya sha, aikin wata uku ya rushe. Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye.

Kafin ya ajiye kofin ya ji wutar ta taso daga wuya, ta ci kumatu, ta kama hanci. Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Shi ke nan, ya rasa ta.

"Ɗago, yaro."

Ya ɗago. Tsohon ya dubi fuskar, ya dubi butar shayin.

"Ka san haka zai yi maka?"

"Na sani, Baba."

"Ka kuma sha?"

"Daga hannunka ya fito."

Tsohon ya share ido da bakin riga. "Ashe ni ne mai sayar da giyar. Ka yafe mini. Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura. Ango ya fito fuska jawur, ciwon yana nan inda yake. Surukinsa ya riƙe hannunsa gaban jama'a, ya ce, "Wannan ɗana ne. Allah ya yi muku albarka."