Wanda Ya Amsa Daga Cikin Rumbu

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, aka yanke wutar da ke zuwa daga ƙetaren iyaka, rumbun gidan Mushe Na Allah a Tasawa ba ya da ko zangarniya ɗaya. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Tsohon rumbun ƙasa ne a bayan gida, a kan duwatsu, kuma tun da ya zama wayam ba mai leƙa shi. Amfani ɗaya ya rage masa: duk faɗin gidan, a gindinsa kaɗai rezo, wato sabis ɗin waya, ke kama salula.

Can Zuhura ke zama kullum in rana ta yi sanyi. Ita ce autar Mushe, tana karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa a Maradi, ta zo gida hutu. Wani wasa take yi a salula, wanda mutanen ƙasashe daban-daban ke haɗuwa a fili ɗaya, kowa da mutum-mutuminsa, su yi ƙungiya su tafi yaƙi. Tata mace ce mai garkuwa, aikinta ta tsaya gaba ta tare wa abokanta sara.

Shi kuwa Na Allah malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe; a aji ya yi furfura kafin ya ajiye alli. Mutum ne da bai taɓa barin kuskure ya wuce ba a gyara ba, kuma bai yarda a yi laifi a tashi ba a biya ba. Tun rasuwar matarsa, yayarsa Gwaggo Binta ke riƙe masa gida.

Ran nan da almuru, kaji sun hau makwanci, hayaƙin murhun Gwaggo ya kwanta a tsakar gida bai tashi ba, sai Mushe ya zagayo da buta a hannu ya tarar da ɗiyarsa, hasken salula a fuskarta.

"Zuhura, magariba ta kawo kai. Ba a zama bayan gida a wanga lokaci."

"Baba, ina tsakiyar faɗa. In na fita yanzu za a kashe mutanena."

"Mutanen naki suna cikin wanga ɗan gwangwani?"

Ta yi dariya, ba ta ɗago ba. "Ba nan suke ba. Akwai babbar na'ura can wata ƙasa, serveur, ita ke riƙe da filin duka. Tawa roƙo kawai take aikawa: zan yi gaba, zan ɗaga garkuwa. Sai waccan ta yarda abin ke faruwa. In ta ce an sare ni, to an sare ni, ko mi idona ya gani. Kuma kowane ɗan lokaci tawa na tambayarta, kina nan? Ita kuma ta ce, ina nan."

Mushe ya ajiye buta a hankali.

"Da wane rezo? Tun jiya injin dogon ƙarfen rezon nan na bakin tasha ya mutu, ba man gazuwal da za a zuba masa. Duk garin ba salular da ke magana. Ni za ki yi wa ƙarya?"

Sai a lokacin Zuhura ta dubi saman salular. Ba ko ɗigon rezo. Amma wasan na tafiya, santsi, ba tsayawa, yadda bai taɓa tafiya ba tun da ta zo gida. Yatsunta suka tsaya. Mushe bai ga tsoron da ya shiga fuskarta ba, ya ga yarinyar da aka kama kawai. Ya fizge salular.

"Baba, tsaya! Bari in yi sallama in fita!"

Ya maka ta a kan dutsen da rumbu ke kai. Ta tarwatse.

Gari ya yi tsit. Ko ladanin unguwa bai buɗe baki ba tukuna. Daga cikin rumbun da ba kowa, wata murya mai kauri, kamar ta mai magana cikin tulu, ta ce, "Kina nan?"

Bakin Zuhura ya buɗe. "Ina nan."

Dutse na farko ya faɗo a kan tukunyar tuwo ya raba ta biyu. Na biyu ya sami Gwaggo a goshi, jini ya rufe mata ido. Daga sama suke zuwa, a miƙe, da zafi kamar an ciro su daga wuta. A tsakiyar wannan ruwan duwatsu Zuhura ta taka zuwa tsakar gida, ta tsaya ƙyam, ta lanƙwasa hannun hagu a gaban ƙirji kamar mai riƙe da garkuwa. Mushe na kallo, kafaɗarta ta tsage, ba wuƙa ba mai wuƙa. Ta yi tangaɗi ta koma tsaye. Aka sake sara a cinya.

Haka gidan ya koma. Da tsakar rana da kuma almuru, muryar kan yi tambayarta, yarinyar ta amsa, ta miƙe ta ɗaga hannu, a yi ta dukanta har sai abin ya ga dama ya lafa. Sun ɗaure ta da igiyar rijiya, igiyar ta tsinke ta bar mata sawu. Sun kai ta gidan likita an ɗinke, washegari ɗinkin ya farke a gaban idonsu. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Akuyar Gwaggo aka tarar an karya mata wuya an rataye ta a bakin zaure.

Mushe bai yi kuka ba, fushi ya yi. Ya je ofishin masu rezo ya buga tebur, ya ce a nuna masa wanda zai amsa laifin abin da na'urarsu ta yi wa ɗiyarsa. Aka nuna masa injin da ya yi ƙura, aka ce ƙarfensu bai tura kalma ɗaya ba tun kafin ranar. Ya dawo gida ya ɗauki gatari ya nufi rumbu. Sara ɗaya ya yi wa bangon, Zuhura ta kurma ihu daga ɗaki. Da ya ruga, sai ya ga bayanta ya buɗe daidai tsawon bakin gatarin.

Gwaggo ta karɓe gatarin daga hannunsa. "Na Allah, ka koyar da garin nan kaf, amma wanga ba ajinka ba ne. Na aika garin Maijirgi a ɗauko Malam Rufa'i mai cire aljanu."

Malam Rufa'i ya iso da la'asar a kan amalanken jaki, tsoho ne siriri mai ƙaramar murya. Bai tambayi kowa komai ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da yarinyar, ya yi alwala, ya zauna wajen kanta ya fara karatu a kunnenta. Inuwar katanga ta yi ta tsawo. Duwatsu suka fara faɗowa kewaye da tabarmar, ba wanda ya taɓa shi. Can jikin Zuhura ya sandare, wuyanta ya juya, muryar rumbu ta fito daga bakinta.

"Tsoho, kana ƙona ni. Mi na ci maka?"

"Wane ne kai, kuma mi ya kawo ka gidan mutane?"

"Gidana gawo ne a bakin tafki, wajen Mayahi. Tafki ya ƙafe, makiyaya suka sassare gawon suka ba dabbobi. Na sami wanga rumbu ba kowa, na shiga. Ban taɓa ko kazarsu ba. Sai yarinyar nan ta zo ƙofata da abinta, kullum, kina nan, kina nan, ana amsa mata daga nesa. Na saurara har na iya harshensu da dokokinsu. Ran da na nesa ya yi shiru, abin nata bai yi shiru ba. Ya yi ta kira a bakin ƙofata, ba dare ba rana. Mu ba a kiranmu mu ƙyale. Na amsa."

"To ka amsa. Sake ta."

"Ni ne mai filin yanzu, abin da na ce shi ke faruwa. Ta shiga, ba ta yi sallama ba. Tana nan tsaye a gaban mayaƙa, ba ta aiko ta ce a matsa ba, ba ta ce a gudu ba, su kuwa aikinsu sara. Sallama ta ƙofar da aka shigo ake yin ta. Tambayi mai alli wa ya fasa ƙofar."

Gwaggo ta riƙe rigar ƙanenta, amma ya riga ya matso.

"Dokar da ba ta da mafita ba doka ba ce," in ji Mushe. "Rezo na yankewa kullum a ƙasar nan, ba wanda ya mutu. Mi dokar ta ce in mai kira ya yi shiru?"

Aljanin ya yi wata dariya da ta sa jini ya ɓullo a leɓen yarinyar. "Mai fili ya tambaya. In ba a amsa ba, ya cire shi daga filin. Amma ita tana amsawa. Kun ji da kunnenku."

"Da wace murya?" Mushe ya durƙusa har fuskarsa ta kusa taɓa tata. "Yarinyar da ke sume, wadda ba ta iya neman ruwa? Kai ke tambaya daga rumbu, kai ke zagayowa ka amsa da bakinta. Na kama masu irin wanga aiki tun ba a haife ta ba. Maguɗi ne! Ka ce doka kake bi, ƙarya kake!"

Hannun Zuhura ya tashi ya mare shi, mari irin wanda ba hannun mace ke yi ba. Ya faɗi, haƙori biyu suka zubo a ƙasa. Malam Rufa'i bai ko waiwaya ba. Ya ɗaga karatu, ƙaramar muryar nan ta cika gidan, ya yayyafa ruwan tofi a fuskarta. Abin ya yi ta birgima yana gurnani, ƙafafun yarinyar na haƙa ƙasa.

"Da bakinka ka ce doka ta ɗaure ka," in ji Malam. "Da bakinka aka kama ka. Ka fita, ko in ƙone ka a nan."

"Zan fita! Tsaya, tsoho, zan fita. Amma faɗan da aka fara ba ni da ikon tsayar da shi, sai ya kai ƙarshe. Saura hari ɗaya, na babbansu. Dole wani ya riƙe garkuwar har a kira magariba."

"Ba za ta rayu ba," in ji Malam.

"Doka ta yarda aboki ya karɓi wurin aboki."

Mushe ya tofar da jini ya miƙe. "Ina ake tsayawa?"

"Mushe, wanga ba bulalar lakwal ba ce," in ji Malam.

"Na ce ina ake tsayawa."

Malam ya sa aljanin ya rantse da alkawarin da jinsinsa suka yi wa Annabi Sulaimanu: da kiran salla zai bar yarinyar, ya bar rumbun, ya bar Tasawa. Aljanin ma ya kafa nasa sharaɗi. "Kada wani ɗan gidan nan ya sake kirana, ko da zagi ne. Wanda ya kira, zan amsa. In na amsa kuwa, ita zan fara nema."

Mushe Na Allah ya tsaya a tsakar gida inda ƙasa ta yi baƙi da jinin ɗiyarsa, ya lanƙwasa hannun hagu a gaban ƙirji. Wani nauyi ya sauka a kan hannun. Bai ga kowa ba, sai katanga da rumbu da jan sama. Sara na farko ya kai shi gwiwa. Ya tashi. Na biyu ya ji ƙashin hannun ya ce ƙas, hannun ya saki, sai ya tallafe shi da na dama ya mayar wurinsa. Aka shiga dukansa ta haƙarƙari, ta wuya, ta gadon baya. Babbar rigarsa ta zama tsumma. Gwaggo na salati da ƙarfi, Malam na karatu, shi kuwa ba abin da ke fita daga bakinsa sai, "Matsoraci. Fito a gan ka." Ladanin unguwa, wanda Mushe ya sha yi wa faɗa kan saurin kira, ran nan kamar ya manta da masallaci.

Da muryar ladan ta tashi, dukan ya tsaya cak. Zuhura ta yi atishawa mai ƙarfi. Guguwa ta fito ta bakin rumbu, ta kwashe jinkarsa, ta haura katanga ta yi arewa. Rumbun ya tsage daga sama har ƙasa ya zube a kan duwatsunsa.

Mushe ya ja jiki zuwa tabarma. Gwaggo ta ɗago kan yarinyar tana goge mata fuska da gefen zane. Idon dama ya buɗe, ya dube shi, ya gane shi. Na hagu kuwa, inda wani sara ya sauka tun kwanakin baya, Malam ya duba ya girgiza kai. Ba zai sake gani ba.

"Baba," in ji ta, da muryarta ta gaskiya.

Ya daɗe yana kallon idon nan. Numfashinsa ya fara sauri.

"Shi ke nan? Ya tafi? Ya shigo gidana, ya yi maguɗi, an kama shi, ya cinye idon yarinya, ya kama hanya ko haƙuri bai ba ta ba? Malam, a wace shari'a? Wa zai biya?"

"Mushe, ka ji sharaɗin."

"Ban sallame shi ba!"

Ya dafa ƙasa da hannu mai lafiya, ya juya wajen kangon rumbun, ya cika ƙirjinsa da iska duk da karyayyen haƙarƙari, irin cikar da yakan yi in zai kira yaro daga ƙarshen fili. Gwaggo ta ƙwala salati. Sai wani hannu mai sanyi ya rufe masa baki.

Zuhura ba ta da ƙarfin riƙe ko ɗan tsako. Da ya so, da kaɗa kai ɗaya ya ture ta. Ya tsaya haka, kiran na maƙale a maƙogwaronsa, ido ɗaya na kallonsa. A hankali iskar ta fita ta hancinsa. Ya haɗiye, da jinin da komai.

Malam Rufa'i ya naɗe buzunsa. "A kawo wa Mushe ruwa," ya ce. "Salla na wucewa."