Ɗan'uwan da Ya Biyo Shi daga Kwatano

Da Ɗan Azumi ya dawo ƙauyensu na kusa da Gangara, ya tarar mahaifinsa ya rasu, an raba awakin. Gawon ƙofar gida an sare shi, an kai itacen Tanut don rufin barikin kumandan. Rijiyar gari ta ƙara zurfi, sai an ɗaura igiya da igiya. Ayarin Buzaye masu sauka a bayan gari su sayi gero ya ragu ƙwarai. Ƙanwarsa Tabawa, da ya bari ba ta iya ɗaukar tulu ba, yanzu ita ke dakan gidan. Mahaifiyarsa Yagana ta ranƙwafa. Ba ta kama sunansa, don shi ne ɗan fari, sai dai ta ce "kai".

Ya yi mata alkawarin ya dawo ke nan, shi zai nome gonar uban. Ta ce to. Amma tana ganinsa kullum da yamma, zaune, fuskarsa na kallon kudu.

Nasara ne suka ɗauke shi soja. Da suka sallame shi bai nufo gida ba, ya tsaya Kwatano a bakin teku yana aikin kafinta. A can Turawa na da wata ƙungiya ta 'yan'uwantaka da suke kira loj, ba sa shigar da baƙar fata, sai akawuna da kafintoci da tsofaffin sojoji suka kafa tasu a wani tsohon gidan bene. Ya shiga ne saboda ya ga yadda ake binne baƙon da ba shi da kowa, ya ji tsoro. A loj in ka mutu 'yan'uwa za su ɗauke ka. Suna da farin ƙyallen da suke ɗaurawa a ƙugu, da irin gaisuwarsu da hannu, da irin bugun ƙofarsu, da rantsuwa cewa gidan kowa gidan ɗan'uwansa ne. Shi aka ba tsaron ƙofa. In an buga daga waje, sai ya mayar da bugun daga ciki, ya ce, "Shigo, gidanka ne."

A Damargu ba a buga ƙofa. Ƙofar ma ta zana ce. Sallama ake yi.

Wata magariba, hadari ya taso ya watse bai zubar da komai ba. Kaji sun hau makwanci, ladan bai gama alwala ba, gari ya yi shiru irin na lokacin da ba a son yaro a waje. Ɗan Azumi na zaune yana gyaran ƙotar fartanya, hankalinsa ya yi nisa. Sai aka buga tsohon turmin da ke kife a bakin ƙofa, da sauri, aka tsaya, aka ƙara. Kafin ya yi tunani hannunsa ya mayar da bugun a kan kujera, bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa.

Yagana ta jiyo daga ɗaki. Ta ce, "Tabawa, yayanki ya yi baƙo. Kai masa ruwa."

Yarinyar ta ɗebo a ƙwarya, ta je ƙofa ta durƙusa ta miƙa. Babu kowa a wurin. Tana kallo ruwan ya yi ta raguwa a hankali, har ƙwaryar ta bushe.

Daga ranar gidan bai sake samun magariba mai lafiya ba. Rana na faɗuwa tsakuwa za ta fara sauka a kan jinka, jiƙaƙƙiya, a ƙasar da ba ta ga ruwa ba. Yagana ta taɓa ɗaya da harshe ta ji gishiri. Ana jin muryoyi a cikin rumbu, kamar maza na taro suna magana ƙasa-ƙasa. Tabawa ta daina daka, ta daina cin tuwo. Sai ta yage farin zane ta ɗaura a ƙugu, ta zauna da bayanta a miƙe tana jira. In yayanta ya gitta sai ta kama hannunsa ta matsa masa babban yatsa a inda ba wanda ya san ana matsawa a duk Damargu sai shi. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Ƙashin wuyan yarinyar ya fito.

"Kai," in ji Yagana, "me ka ɗebo mana?"

Ya ce, "Wallahi Inna, ban sani ba." Kuma gaskiya ya faɗa.

Aka aika Belbeji aka ɗauko Malam Attahir, tsoho mai ido ɗaya, wanda ya iso a kan jaki bayan la'asar. Ya yi salla, ya sa aka zuba turare a kasko, ya riƙe ɗan yatsan Tabawa ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Da hayaƙi ya cika ɗakin, sai yarinyar ta ja dogon numfashi, muryar namiji ta fito daga bakinta, dusasshiya, mai Hausar 'yan bakin teku.

"Malam, sassauta. Na gaji, ba faɗa na zo ba."

"Wane ne kai?"

"Ɗan'uwa ne. Tambayi mai ƙofa." Idon Tabawa ya juya kan Ɗan Azumi. "A rimin bakin ruwa nake tun da can. Aka sare aka gina benen, na koma cikin rufi. Duk wanda aka rantsar a ƙasa, ina sama ina maimaitawa tare da shi. Ba wanda ya taɓa cewa ban da ni. Bayan tafiyarsa aka rushe benen, za a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Na bi gidajen 'yan'uwa ina bugawa, kowa ya yi kamar bai ji ba. Shi kaɗai ya amsa."

"Rantsuwar Nasara ba ta ɗaure Musulmi," in ji malamin.

"Kiristocin da littafinsu suka rantse. Shi da Alƙur'ani."

Malam Attahir ya dubi Ɗan Azumi da idon nan ɗaya. Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai.

"To ita yarinyar me ta yi maka?"

"Ita ta ba ni ruwa. Shi ya ce in shigo bai nuna mini wurin zama ba."

Malamin ya yi masa tayin baƙin bunsuru, ya ƙi. Ya yi masa tayin tsamiyar bayan gari, da tsohuwar rijiyar hanyar Tenhiya. Muryar ta yi wata 'yar dariya maras daɗi. Ta ce duk wuraren suna da masu su, sun kore shi, suna ce masa mai warin kifi. Ƙasar nan ma ƙona shi take, shi ma bai so zama ba.

"To ka koma inda ka fito."

"Akwai wani loj a gaba da Kwatano. Amma ba a buɗe wa baƙo sai sanannen ɗan'uwa ya tsaya masa a ƙofa. Ya raka ni, ya buga, ya ce ya san ni. In ba haka ba, nan ne gidana, kuma jikin nan ba zai kai kaka ba."

Ɗan Azumi ya dubi uwarsa, ita kuwa ƙafafun Tabawa take kallo. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, ya yi watanni yana kallon hanyar kudu, yanzu da aka buɗe masa ita sai ya ji ba ya son ko tashi daga tabarmar.

Ya ce, "Zan raka shi."

Malam Attahir ya kafa sharaɗi: mai muryar ya fita daga jikin yarinyar yanzu, ya jira a wajen shinge, kada ya sake ƙetare shi. Muryar ta yarda. Tabawa ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a cinyar uwarta, gumi ya jiƙe ta. Can ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Inna, yunwa."

Da asuba ruwan farko ya sauka. Gari ya waye maza na fita da sungumi, mata na bin su da iri. Ɗan Azumi na tsakar gida yana ɗinke igiyar takalminsa, ya naɗe bargon soja, ya cika salka. Yagana ta fito da garin fura a ƙunshe cikin tsumma, ƙunshi biyu, ta ajiye a gabansa.

"Inna, ɗaya ya ishe ni."

"Ba kai kaɗai za ka ba," ta ce. "In ya ji yunwa a hanya, gara ya sami wannan."

Ba ta tambaye shi yaushe zai dawo ba. Ta ɗauki sungumin ubansa, ta kira Tabawa, suka nufi gona. Shi kuwa ya ci gaba da ɗaurin kaya.