Ƙasan Jan Fenti

Tabarma ɗaya, kula biyu, gorar ruwa, lema, da sabon takalmin da ya fara cin ƙafarta tun a mota. Da waɗannan kaya Auta ta gangaro tafkin da ke ƙasan dam, Gwaggonta na biye tana haki.

Injiniya, saurayinta, shi ya zaɓi wurin. A dam ɗin yake aiki, kuma yau mahaifiyarsa za ta fara ganin wadda zai aura.

Da ka mahaifiyar ta amsa gaisuwa. 'Yar ƙanwarta, wadda aka daɗe ana yi masa tanadinta, ita ce mai fara'a.

"Amaryarmu, ku shimfiɗa can kan falalen dutsen tsakiya. Baƙi muke bar wa," in ji yarinyar.

Suka tsallaka, ruwa iya idon sawu, garai-garai, ƙananan kifaye na gilmawa. Auta ta lura 'yan gida duk sun zauna a tudu, sama da wani jan fenti da aka zizara a duwatsu. Ta ɗauka kara aka yi musu.

Ƙarfe huɗu jiniya ta tashi.

Kafin su naɗe tabarma ruwa ya kai gwiwa. Auta ta goya Gwaggo, ta bar kula da takalmi, ta fito tana tangaɗi. Injiniya na gaɓa yana ta miƙo hannu.

A bakin mota ta tsare shi, zaninta na ɗiga.

"Wa ke sa hannu a buɗe ƙofar ruwa?"

"Ni ne, amma..."

"Yaushe ka sa?"

"Da safe."

"Ka ga inda muka zauna?"

"Na gani, rabin raina. Na so in yi magana... sai na ga kamar zan ƙaryata ƙanwata a gaban Mama. Na ce ai jiniya za ta yi."

"Sannu da ƙoƙari, ɗan nan," in ji Gwaggo tana matse mayafi. "Ko bakin wandonka bai jiƙe ba."

"Haba masoyiya, abin minti biyar ya rushe mana shekara biyu?"

"Awa biyu ka yi kana kallonmu a ƙasan fentin nan, alhali ka san nan ruwa ke kaiwa in an buɗe ƙofa. Ita dai ƙanwar taka ban zarge ta ba, abin da take so take nema. Kai fa?"

Ya waiga wajen mahaifiyarsa.

Auta ta shigar da Gwaggo, ta shiga, ta ja ƙofa ta rufe.

"Direba, mu je. Gwaggo, ki gaya wa Baba kada ya jira manyansa ranar Asabar. Na fasa."