Gorar Taki, Murfin Nawa

A kan wata gorar roba suka haɗu, wadda wani ya sha lemo ya jefar daidai iyakar layin teloli da layin masu gyara. Auta ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta ji an riƙe ɗaya ɓangaren. Ta ɗaga kai, ta ci gaba da ɗagawa, don mutumin dogo ne na gaske, ga buhu a kafaɗa, ga safar hannu ɗaya ja ɗaya baƙa.

"Malam, saki. A layinmu take."

"Rabinta ne a layinku, ranki ya daɗe. Bakinta namu yake kallo."

Ta harare shi, shi kuwa ko a jikinsa. Ya murɗe murfin ya sa a aljihu, ya sakar mata sauran.

"To an yi raba-gardama. Gorar taki, murfin nawa."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Har aka busa usur na tashi tana waiwayensa, ita da ba ta waiwayen kowa ranar gasa.

Ita ce fa ta ƙirƙiro gasar. Bara ruwan sama ya shiga shagon Babanta tela, ya jiƙa yaduka har da na mutane, saboda leda ta toshe kwalbatin bayan shago. Auta ta bi gida-gida tana roƙon a fito shara, kowa ya ce insha Allahu ya koma ɗaki. Sai ta aro sikelin auna shara, ta ce wa matasan layinsu wai 'yan layin masu gyara sun ce ko bola ba za su iya kwashewa ba. Ai kuwa ranar Asabar har masu ciwon baya sun fito. Mutum ba zai sunkuya don tsafta ba, amma a ce maƙwabci ya fi shi? Ina!

Ta ɗora bidiyon gasar a waya, abu kamar wasa ya bazu. Wasu ƙasashen ko sunansu ba ta iya faɗa daidai, amma ga mutanensu da buhuna suna ihu a gaban sikeli. Yanzu har an sa ranar gasar duniya: kowace ƙungiya a layinta, a fara tare, a auna a gaban kyamara.

Da yamma saƙo ya shigo daga lambar da ba ta sani ba.

"Salamu alaikum. Dogo ne mai gyaran fanka, kyaftin ɗin waɗanda kuka lallasa yau. Na duba buhuna kaf, babu abin da na tsinta mai daraja sai wadda ta harare ni. Barka da nasara, Tsintuwata."

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta rubuta: "Wa ya ba ka lambata? Kuma ka dawo mana da murfinmu."

"Murfi yana nan lafiya. Ranar da gora ta yarda, zai dawo bakinta."

Daga ranar sunansa a wayarta ya koma Murfi. Ranar Asabar abokan gaba ne, sauran ranaku kuwa fankar ɗakin Inna ta riƙa lalacewa ba dalili. Inna ta gane, ta riƙa murmushi.

Baba ne bai yi murmushi ba. Yana kan keken ɗinki ta faɗa masa maganar Dogo, ya tsayar da ƙafa.

"Auta, na kai ki makaranta, kika ɓige da tsintar leda, na haƙura. Yanzu har miji za ki tsinto min a bola? Tsintacciyar mage ba ta mage."

"Baba, yana da sana'arsa fa."

"Ga yaron nan mai kawo ɗinki, mai mota, kullum fes. Ya yi min maganarki."

Ɗan Gayu ke nan, wanda turarensa kan riga shi shiga shago. Auta ta sunkuyar da kai, zuciyarta ta yi nauyi. Ba za ta iya saɓa wa Baba ba, ba kuma za ta iya goge Murfi daga wayarta ba.

Ana cikin haka gasar duniya ta matso, sai wata matsala ta ɓullo mai ban dariya: layin teloli ya yi tsaftar da babu abin tsinta. Auta ta yi dabara. Ta hana kowa taɓa kwalbatin bayan shagon Baba, inda ruwa ke taro ledar unguwa. Nan ne rumbunsu, sai ranar gasa za a buɗe.

Ana jibi gasa Ɗan Gayu ya tsayar da mota a gabanta, ya miƙo waya yana taɓe baki.

"Kalli masoyin naki."

Hoton Dogo ne a cikin kwalbatin, ruwa baƙi ƙirin har gwiwa, yana cika buhuna yana miƙa wa yaransa. Ya kwashe rumbun tas.

Nan take ta rubuta masa: "Ashe haka kake? Ka sace mana shara don ku ci gasa. Kada ka sake kirana."

"Tsintuwata, ɗaga kai ki dubi gabas."

Ba ta duba ba. Ta kashe wayar ta shige ɗaki ta sha kuka, kukan da Inna ta ce tunda take ba ta taɓa jin an yi wa bola irinsa ba.

Washegari da hantsi hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Auta ta tuna shago, gabanta ya faɗi. Ta fita a guje ba ko laima, tana hango yaduka a cikin taɓo kamar bara.

Ta tarar da Baba zaune yana ɗinkinsa, ƙasa a bushe. A bayan shago ruwa na wucewa ta kwalbati sumul, ba abin da ya tare shi. Ta tsaya a bakin ƙofa ruwa na ɗiga daga mayafinta, kunya ta rufe ta. Don wannan shagon ta fara komai, ga shi son kofin gasa ya sa ta toshe masa kwalbati da hannunta.

"Shigo kar sanyi ya kama ki," in ji Baba, bai ɗago ba. "Jiya ina kallo ta taga. Ɗaya yana cikin kwata yana kwasa, ɗaya yana cikin mota yana ɗaukar hoto. Da mai motar ya gama shan lemonsa, a cikin kwatar ya jefa gwangwanin."

Keke ya ci gaba da ƙara.

Ta kunna waya ta tarar da saƙo yana jira: "Buhunanku suna shagona, ban taɓa ba. Amma dokarki ta ce abin da aka kwashe kafin usur ba ya hawa sikeli. Ki yafe min, na fi son ku faɗi gasa da Baba ya yi asara."

"Murfina, ni ce mai neman yafiya. Na ga gabas ɗin."

"Ai ya wuce. Amma gobe ba sani ba sabo, sai mun lallasa ku."

Babu wanda ya lallasa wani. Wasu tsofaffin mata daga wani tsibiri mai nisa ne suka ɗauke kofin duniya, suna rawa a gaban kyamara da tulin ragar kamun kifi. Layin teloli da layin masu gyara suka zo can baya, kafaɗa da kafaɗa. Auta ta yi tafi har hannunta ya yi zafi, don ta ƙirga tutocin da ke kan allo ta gaji ba ta kai ƙarshe ba.

Bayan kwana biyu Dogo ya zo da kawunsa. Auta ta laɓe bayan labule. Aka gaisa, Dogo ya durƙusa, duk tsawon nan ya naɗe wuri ɗaya.

"Baba, tsintuwa na yi a bakin layinku. An ce wanda ya yi tsintuwa ba ya riƙewa sai ya yi cigiya. Shi ne na zo wurin mai ita."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Na taɓa cewa tsintacciyar mage ba ta mage."

Auta ta runtse ido.

"To ni ma na yi tsintuwa a kwalbatina, kuma ba zan yi cigiya ba, kar wani ya ce nasa ne. Na tsinci ɗa. Tashi, na ba ka."

Guɗar Inna ce ta tona asirin masu laɓe, don ashe su biyu ne a bayan labulen.

Ranar biki aka ci aka sha, aka watsar da leda da robobi kamar yadda aka saba. Kafin a tashi wani shaƙiyyi ya busa usur, dangin ango da na amarya suka dubi juna, sai kowa ya naɗe hannun riga. Har Baba aka gani yana jayayya da kawun ango a kan cokalin roba. Tsofaffin tsibirin nan ma sun aiko da bidiyo suna ɗaga buhu, suna faɗin wani abu da kowa ya yarda addu'a ce.

Da suka kaɗaita a ɗakinsu, Dogo ya sa hannu a aljihu ya fito da murfin, ya ɗan koɗe.

"Ga amanarku. Sai dai gorar ta daɗe da tafiya."

Auta ta buɗe akwatinta, ta ɗaga kayan sawa, ta zaro gorar a wanke tsaf.

"Wa ya ce maka na sa ta a sikeli?"

Ya karɓa ya ɗaura murfin a hankali, ya zauna daram. Daga tsakar gida suka jiyo muryar Inna tana sallama da 'yan rakiya, tana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya sa kada a taɓa jin kansu. Su biyun suka amsa da amin, gorar tana tsakaninsu.