Takalmin da Ya Yi Kumfa

Ana yayyafi a garin Otsu aka kira Sufeto Hasuike, wai an yi sata lokacin cin abincin rana a ɗakin binciken wani ƙaramin kamfani da ke bakin tafki. Hasuike kuwa mutum ne mai sanyin magana, amma idonsa, wayyo, ko allura ba ta ɓuya masa.

Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya zura silifas, kamar kowa. Dakta Amemiya, mai binciken da aka yi wa satar, ta tarye shi, idanunta jawur.

"Fatar tace ruwa ce aka sace, Yallaɓai, ba ta fi tafin hannu ba. Da sinadarin roba na haɗa ta. Ruwan dattin masana'anta ya bi ta cikinta, ya fito garau. Gobe hukumar ruwa za ta gwada ta, kuma ita kaɗai ta yi kyau. In ta bushe, ta mutu."

"Me ke hana ta bushewa?"

Ta nuna masa wani ruwa mai santsi. "Ɗan'uwan sabulu ne. A cikinsa take zama."

Sufeto ya zagaya injin da aka ciro fatar daga ciki. An kashe famfo, an rufe kowane bututu, har an goge tebur.

"Ɓarawon nan yana da tarbiyya. Wa ya iya kashe injin haka?"

"Ni, da abokin aikina Nogami, sai malamina Tsurumaki."

Nogami, ƙato mai surutu, ya rantse yana ofis yana cin ganyen da matarsa ta dafa masa.

"To wannan tafarnuwar da kake feso mini fa?"

Gumi ya karyo masa. "Shagon taliya na sulale, Yallaɓai. A tambayi mai shagon, amma don Allah kada uwargida ta ji. Gara kurkuku!"

Aka tambaya, haka ne.

Malam Tsurumaki dattijo ne, kansa fari fat. Ya ce, "Tun safe ban taka waje ba."

Hasuike bai musa ba. Ya je ma'ajiyar takalma ya kwaso nasu su ukun, ya jera a ƙarƙashin indararo, ya tsuguna yana murza su da babban yatsa. Na Dakta shiru. Na Nogami shiru. Na dattijon kuwa, sai ga kumfa ta taso fara sol.

"Malam, takalmin waje ba ya shiga ɗakin bincike. Ke nan ruwan santsin nan ne ya zo ya same shi a bakin ƙofa, yana ɗiga daga hannunka. Ina fatar? Kada ta bushe muna tsaye."

Dattijo ya daɗe yana kallon kumfar, sannan ya miƙa makullin motarsa.

A motar, cikin kwanon abincinsa aka same ta, tsundum cikin ruwanta, an lulluɓe kwanon da tawul. Dakta ta ɗaga ta, ta duba, ta sake dubawa.

"Tana da rai!"

"A tafki na yi niyyar jefa ta," in ji Tsurumaki. "Duk rayuwata wannan nake nema ban samu ba, sai ga wadda na koya wa riƙe kwalba ta samo. Zuciyata ta yi baƙi. Da na isa bakin ruwa, sai na ɗaga ta ga haske. Sufeto, ban taɓa ganin aiki mai kyau haka ba. Hannuna ya ƙi."

Hasuike bai sa masa ankwa ba. Ya buɗe lema ya rufe kan dattijon, suka nufi motar 'yan sanda.

Har dattijon ya sa ƙafa a mota, sai ya waiwayo.

"Amemiya, ki ƙara mata ruwa. Wanda na zuba ya yi kaɗan."

"To, Malam," ta ce, ta sunkuyar da kai ƙasa sosai, tana rungume da kwanon, ruwan sama na dukan bayanta.