Jirgin da Ya Kalli Ƙofa

"Matso da shi wajen taga," in ji Baba. "Idona ya tsufa, amma bai mutu ba."

Weiliang ya shimfiɗa zanen a kan teburin shagonmu. Shekara uku muna soyayya, yau ya zo neman aurena, ya kawo wa Baba zanen tawada da ya yi da hannunsa. Jiragen ruwa uku masu filafilai, biyu ɗaure a gaɓa, ɗaya can nesa. Ruwan ma bai zana shi ba, farin takarda ya bari, amma sai ka ji kamar ƙafarka za ta jiƙe.

Shekara arba'in Baba ya yi yana liƙa wa mutane zane-zanensu a kan siliki a nan birnin Quanzhou. Tun rasuwar Mama ni ce idonsa, ni ce hannunsa.

Ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa takardar.

"Shuyin, dubi na nesan nan. Ja ɗaya ya yi wa filafilansa, bai ɗaga burushi ba. Tawadar ta fara da kauri, ta ƙare siririya kamar gashi. Kin ji iska a ciki?"

"Na ji, Baba."

"To dubi na gaɓa. Sau biyu ya bi kan igiyar nan. Nan ma. Hannunsa bai so ɗaure su ba, tilasta masa ya yi." Ya ɗago. "Yaushe ne tafiyar, saurayi?"

Na yi dariya. Weiliang bai yi ba.

"Kawu... aikin koyar da zane na samu a Singapore. Watan gobe." Ya juyo gare ni. "Hasken raina, tare za mu tafi. Jira nake a sa rana tukuna in faɗa miki..."

"Sai na shiga hannu ke nan?"

"Ba haka ba ne, Shuyin."

"Wa zai dama wa Baba manne? Wa zai ba shi magani? Jirgin naka?"

"Bi shi," in ji Baba. "Ni ba jariri ba ne."

Yana faɗa yana laluben kofin shayinsa. Yatsunsa suka wuce ta gefe, suka sake wucewa. Na tura masa kofin a hankali. Weiliang ya gani. Daga nan bai ƙara roƙona ba.

Ya tafi, ya bar zanen. Ni na liƙa shi a kan siliki, ina kawar da fuska kada hawayena ya narkar da tawadar.

"Rataye shi a bangon hagu," Baba ya ce. "A al'ada jirgi cikin gida yake kallo, don wanda ya fita ya dawo."

Na daɗe ina duban filafilan nan na ja ɗaya. Ko kusa hannun Weiliang bai yi rawa ba da yake zana su.

Na rataye shi a bangon dama, hancin jirgin na kallon ƙofa.

"Ya zauna daidai?"

"Daidai, Baba."